Yabon Gwani Tun Yana Ji

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, amma ba su yanke ranar da za a biya wannan bashi ba. Mu kuwa a ƙasar nan mun saba jinkirta shi har ranar zaman makoki, lokacin da mai shi ba ya ji balle ya ce madalla. Umaru Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981, kuma yau cibiyar al'adu ta Yamai na ɗauke da sunansa. Zalika Sule, wadda ta buɗe wa matan Nijar ƙofar fim tun 1966, fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta a 2004 ya nuna ta cikin ƙuncin rayuwa, ta kuma rasu a 2021. In haka ta faru ga waɗanda sunansu ya ƙetare teku, ina ga wanda sunansa bai wuce Maraɗi da ƙauyukanta ba? Shi ya sa na ga ya dace in yabi wani aminina tun kunnensa na ji.

Ba zan kama sunansa ba, don ya rantse in na yi haka ya daina ɗinka mini rigar Salla. Tela ne, kuma da Tela nake kiransa, shi kuwa ya kira ni Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a ƙasarmu. Mun haɗu a ajin farko na kwaleji, yau fiye da shekara 30. Tare muka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan matasa, da ɗokin abin da muke gani su Yazi Dogo na yi a Tele Sahel. A 1994, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne da keken ɗinki. Ya ajiye alƙalami ya hau keke. Ni na wuce lise, daga nan Jami'ar Abdu Mumuni, na dawo ina koyar da Faransanci da Hausa. Shi bai taɓa barin wasa ba. Da kasetocin Kano suka cika kasuwanninmu ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa a ƙarshen shekarun 1990, samarin garinmu suka ce su ma za su gwada nasu, yana cikin na farko da aka nema.

Ya kamata mai karatu ya san irin fim ɗin da nake nufi. Kyamara ɗaya ce, ta wani mai ɗaukar hoton biki, ana aro ta ranar da ba ɗaurin aure. Hasken rana shi ne fitila. Gidan da aka yi fadar sarki da safe, shi ne gidan talaka da yamma in an naɗe darduma. Akuya na iya ratsawa ana tsakar kuka, ƙarar kabu-kabu na iya cinye kalmar da labarin duka ya rataya a kanta, ba kuma za a sake ɗauka ba don caji ya kusa ƙarewa. Ba rubutaccen wasa. Mai ba da umarni yakan tara ƴan wasa a inuwa ya ba su ƙashin labari, kowa ya sa tsoka daga bakinsa, kamar yadda ƙungiyoyin wasan kwaikwayonmu suka saba tun zamanin samariya. Lada kuwa shinkafa da wake ne da rana, sai jikka 2 ta mai in Allah ya sa an samu.

Da yawa daga cikinmu malamai mukan kalli irin wannan aiki mu taɓe baki, kuma aibin da muke gani yana nan, ba mai musu. Amma akwai abin da rashin kayan aiki ke yi wa ɗan wasa wanda ya cancanci a tsaya a kansa: ba ya bar masa wurin ɓuya. A babban fim, in ɗan wasa ya gaza, kiɗa ya tallabe shi, haske ya gyara masa fuska, mai haɗa hoto ya zaɓi mafi kyau cikin ɗauka goma. A namu ba mai tallabarsa. In ya yi ƙarya kowa ya gani, in kuma ya yi gaskiya, to tasa ce shi kaɗai. A wannan fili mara shinge na ga Tela ya yi abin da har yau nake tunawa.

A wani fim ya fito a matsayin mutumin da ya yi shekara 4 yana ci-rani a Libiya, ya dawo ba shi da komai sai leda a hannu. Umarnin da aka ba shi bai wuce wannan ba: ka shiga ka faɗa wa wanka ka dawo hannu wofi. Ya shiga zaure ya durƙusa, ya tura ledar bayansa, ya fara gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina da yadda hatsi ya yi. Ya gangara kan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi rijiyar bayan gari, har ya tambayi wani tsohon jaki. Wan nasa na amsawa da lafiya lau. Da tambayoyi suka ƙare, sai ya yi shiru, ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ɗago ya ce: "To, Yaya, ina gida?" Na kalli wannan fim cikin jama'a a ƙofar wani mai shayi. Dariya aka yi ta yi har ya kai kan jaki. Da ya koma farkon gaisuwa, wurin ya yi tsit, don ba wanda ba shi da ɗan'uwa ko maƙwabci da ya dawo haka. Bai furta abin da aka ce ya furta ba, amma ba wanda bai ji ba. Wanda ya fito a wan, shi ma ba a shirya masa amsa ba, sai ya ce: "Tashi ka shiga ka gaida Inna."

Wannan ita ce baiwarsa: ya san cewa a wurinmu babbar magana ba a cika faɗinta da baki ba. Kunya da kara su ne sutura, kuma mutum yakan zagaya ciwonsa kamar yadda ake zagaya rijiya da dare. A wani fim ɗin ya fito uban da attajirin da ke binsa bashi ya aiko neman ɗiyarsa. Da aka ajiye goro da kuɗi gabansa, bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe hularsa, ya duba cikinta kamar amsa na ciki, ya mayar, ya ce: "Allah shi sa alheri." Ko a inda ba a ba shi magana ba, kamar lokacin da ya fito bafade tsaye bayan sarki, ido wurinsa yake zuwa, domin shi saurare yake yi da gaske. Yawancin masu koyon wasa jira suke abokin magana ya gama su zuba tasu. Shi kuwa za ka ga maganar ta shiga kunnensa, ta sauka a ƙirjinsa, sannan ta fito a fuska.

Na taɓa tambayarsa inda ya koyi haka. Bai ɗaga kai daga keke ba ya ce: "Mushe, kai littahi kake karantawa, ni kahwaɗun mutane nike aunawa." Gaskiya ya faɗa. Shagon tela makaranta ce. Nan magidanci ke kawo yadin da zai ishi yara biyu ya ce a fitar wa uku. Nan mai karɓar ɗinki ba kuɗi ke fara hira da zancen tsadar masara kafin ya zo kan batu. Tela ya san tafiyar wanda ya sa rigarsa da ta wanda ya sa rigar aro, wanda ke tattare hannuwanta kada ta taɓa ƙasa. Shekara 30 yana zaune mutanen gari na wucewa ta gabansa da rufin asirinsu a hannu. Abin da ya gani bai yi tsegumi da shi ba, ya adana shi har ranar da ya tsaya gaban kyamara.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafe mu kai tsaye. Kano ce cibiyar fim ɗin Hausa tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma ba laifi ƙarami ya koyi da babba. Sai dai samarinmu da yawa, da zarar an kunna kyamara, sai su ajiye Hausar da suka sha a nono su ari ta Kano, har tsohon da ke wakiltar manomin Gobir ya riƙa magana kamar ɗan Fagge. Tela bai taɓa yin haka ba. A bakinsa "munka tahi" ne da "sunka hwaɗi", da "wanga" da "mi". Ni da nake koyar da daidaitacciyar Hausa na san amfaninta, amma na san kuma cewa kogi da rafuffuka yake cika. A 2025 Kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In muna son ɗalibanmu su ji yadda dattijon Maraɗi ke neman aure, ko yin ta'aziyya, ko ƙin abu ba tare da ya ce a'a ba, littafin nahawu ba zai ba su ba. A waɗannan fina-finai da muke rainawa aka naɗe shi, ba tare da masu naɗin sun yi nufin haka ba.

Yabo in ba gaskiya a ciki ya zama roƙo, don haka zan faɗi inda yake gazawa. In aka ba shi attajiri mai fankama yakan cika gishiri, ka ga tela na yi wa alhazai dariya ta cikin babbar riga. In aka ce ya rusa kuka, ba ya shiga jiki. Mafi muni, a ƙarshen fim akan tsayar da shi ya fuskanci masu kallo ya jero darasin labari. Nan sai ya sandare kamar ɗalibin da aka tasa hadda, domin mutumin da ya iya faɗin abu da hula da yatsun ƙafa ba ya jin daɗin a ce ya maimaita shi da wa'azi.

Wasan nan kuma ya ci masa abin da ya fi kuɗi. Bayan ya fito baffan da ya cinye gadon marayu, wata tsohuwa ta zo shago ta karɓe atamfarta ba a ɗinka ba, ta ce ba ta barin kayanta hannun maci amana. Wannan ya ba mu dariya, har na ce masa ba shaidar gwaninta da ta fi ta. Wanda bai ba mu dariya ba shi ne lokacin da aka zo neman auren ɗiyarsa, dangin yaro suka yi bincike, wani ya ce musu uban ɗan wasa ne. Sai da manya suka sa baki aka ɗaura. Kwanakin nan ya yi su ba ya cin abincin kirki. Kowace shekara ina karanta wa ɗalibaina Molière, ina gaya musu cewa ɗan mai sana'ar shimfiɗu da labule ne, an kulle shi kan bashi a 1645, ya yi shekara 13 yana yawon wasa a garuruwan Faransa, kuma da ya mutu a 1673 da dare aka binne shi saboda ƙyamar da ake yi wa ƴan wasa. Ɗalibai sukan yi mamakin mutanen wancan zamani, alhali irin wannan ƙyama na nan bayan katangar makarantarsu.

Ban ce Tela Molière ne ba. Amma na san gidan da ya fito a tarihin fim ɗin ƙasarmu. Damure Zika ma'aikacin lafiya ne, shi da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran ba su shiga makarantar wasa ba, kuma da bakinsu suka ƙaga yawancin maganar Cocorico Monsieur Poulet a 1974. Umaru Ganda kansa dako yake yi a Abijan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a Moi, un Noir a 1958. Tun asali fim ɗin Nijar a hannun masu wata sana'a ya tashi. Bambancin shi ne na waɗancan an adana, na su Tela kuwa yana salwanta. Ya fito a fim kusan 20, wanda ke hannunsa bai kai rabi ba. Na kaset zafi da ƙura sun cinye, na faifan CD sun karce, wasu sun tafi tare da kwamfutar mai haɗa hoto ranar da ta mutu. Fim ɗin mai ci-rani, a wayar wani mai tura fina-finai a tasha na samo shi, kuma ƙarshensa ya yanke.

Saboda haka ga roƙona ga ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, daga Tawa zuwa Damagaram. Ba garin da ba shi da nasa telan, ko mahauci, ko direba, ko ungozoma da ke wannan wasa don so. A tattara abin da ya rage na aikinsu, a kwafe, a rubuta sunan fim da shekara da sunayen ƴan wasa, a ajiye a ɗakin karatu na makaranta ko na gidan matasa. Wannan ba ya bukatar tallafin waje, yammacin Asabar biyu ko uku sun isa farawa. A zaɓi minti 5 masu kyau a nuna a aji, a tambayi yara abin da mutumin nan ya faɗa da abin da ya ƙi faɗi. A kuma gayyato mai shi ya zauna kan kujerar baƙo, a gabatar da shi da sunansa da sana'arsa biyu, yaransa na kallo.

Kai kuwa Tela, na san za a kawo maka wannan mujalla shago, za ka sa yaronka ya karanta maka kana taka keke kamar ba da kai ake ba. Idonka ya fara neman tabarau wajen zura zare, furfura ta sauko maka a gemu, yanzu ba sai an shafa maka toka ba in za ka fito dattijo. Ka yi aikin ƙwarai, kuma mun gani. Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana, shi sa a gama da duniya lafiya.