Lalibela: Inda Mai Kyamara Ke Sunkuyawa Kafin Ya Ga Coci

Duk wanda ya saba ɗaukar hotunan tsofaffin coci-coci a tafiye-tafiyensa, wuyansa ya saba da ɗagawa sama. A birnin Kolon na Jamus, hasumiyoyin babbar majami'ar sun kai mita 157, sai mutum ya ja da baya sosai kafin su shiga kyamara. A Lalibela kuwa, cikin tsaunukan yankin Amhara na ƙasar Habasha, ƙasa ake kallo. Matafiyi zai yi ta taku a kan jan dutse ba ya ganin gini, sai kwatsam ya tsinci kansa a bakin wani wawakeken rami, ga rufin coci daidai da tafin ƙafarsa.

Wannan ita ce Bete Giyorgis, wadda aka fi ɗauka hoto cikin coci-coci 11 na garin. Siffar gicciye gare ta, tsayinta kusan mita 12, kuma babu tubali ko ɗaya a jikinta. Masassaƙa sun fara ne daga sama: suka haƙa rami kewaye da dunƙulen dutse guda, suka fitar da tagogi da ƙofofi, sannan suka rarake cikinsa. Ana danganta aikin da Sarki Lalibela na daular Zagwe, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. Ruwayar mutanen wurin ta ce sabuwar Ƙudus ya so ginawa, shi ya sa magudanar da ta ratsa wurin ake kiranta Yordanos, wato Kogin Urdun. A 1978 UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Ginin da ke cikin rami yana da rowar haske. Da hantsi ƙasan ramin duhu ne, da tsakar rana kuma hasken kan yi ƙarfi har launin dutsen ya koɗe. Masu haƙuri sukan jira la'asar sakaliya, lokacin da jikin Bete Giyorgis ke yin ja, rawayar gansakukar da ta manne masa ta fito sarai.

Sauran coci-cocin da tasu wahalar. Bete Medhane Alem, mafi girmansu, ta haura mita 33 a tsawo, ga jerin ginshiƙai kewaye da ita, amma tun 2008 aka kafa manyan rumfuna a kan biyar daga cikin gine-ginen don kare su daga ruwan sama. Ƙarafan rumfunan sukan kutsa cikin kowane hoto. Dabarar ita ce a matso kusa a bi daki-daki: tagogin Bete Maryam masu gicciye iri-iri, ko bangon Bete Amanuel da aka sassaƙa layi-layi, wani ya fito wani ya shige, don kwaikwayon ginin katako da dutse na tsohuwar daular Aksum.

Abin da ya fi ba hotunan Lalibela rai shi ne har yau ana ibada a ciki. Da asuba masu ibada kan sauko ta ƙananan hanyoyin dutse lulluɓe da fararen mayafai, ana kaɗa ganga, hayaƙin turare na ratsa siririn hasken da ke shigowa ta taga. Fari a jikin jan dutse shi ke nuna wa mai kallon hoto girman ginin. Ranar 7 ga Janairu, bikin Genna, wato Kirsimetin Habasha, dubban masu ziyara kan cika bakin ramukan maƙil.

Don haka akwai ladabi. Ana cire takalmi a ƙofa, ana neman izini kafin a ɗauki fuskar mutum, kuma gara a kashe filasha: wasu limaman har baƙin tabarau suke sawa a cikin duhun cocin saboda yawan walƙiyar kyamarorin baƙi.

'Yan kasuwar Kano da ke sauya jirgi a filin Bole na Adis Ababa suna da kusanci da wurin fiye da yadda suke zato: tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin cikin gida. Garin na kan tudu mai kusan mita 2,500, don haka a tanadi rigar sanyi saboda fitar asuba, da safa mai kauri saboda sanyin daɓen dutse.