Ziyarar 'Yan Makarantar Karaye da Rogo a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai labarin wata tafiya da muka yi.

A hutun da ya wuce mu malamai uku muka ɗebi yara daga Karaye da Rogo, muka kai su Damagaram, wadda Faransawa ke kira Zindar, don su ga gari, su kuma gwada ɗan Faransancin da muke koya musu. Muka tashi da asuba, muka bi ta Kano, da Kazaure, da Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka wuce Matamaye. La'asar sakaliya muka hangi manyan duwatsun nan da gari ya zauna a tsakaninsu.

Wani malamin makaranta ya sauke mu. Su can mushe suke ce wa malami, makaranta kuwa lakwal. Yaranmu da nasa suka tsaya cirko-cirko, namu sun haddace gaisuwar Faransanci amma baki ya ƙi buɗewa, har wata yarinya tasu ta ce, "Sannunku da hanya." Sai dariya ta ɓarke. Daga nan ba wanda ya sāke wahal da kansa da harshen Turawa. Mushe ya ce ai a 2025 ma hukumarsu ta mai da Hausa harshen ƙasa.

Kashegari ya zaga da mu unguwar Birni, muka ga fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zāne a goshi, irin na cikin birnin Kano. Ya nuna mana abin da ya saura na ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, wanda har igwa aka ƙera masa a garin. Ya nuna mana barikin da aka sa wa sunan Kyaftin Kazamaju, Bafaranshen da aka kashe nan a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka dawo suka ci garin, daga 1911 nan ne hedkwatarsu, sai 1926 suka mai da ita Yamai. Zango, unguwar fatake, da kasuwa, a gurguje muka leƙa su. A kasuwar wani yaronmu ya kusa yin faɗa da mai kilishi, don bai sani ba da dala suke ƙirga kuɗi, ɗari ɗaya tasu sefa 500 ce.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙofar fada mushe ya juyo ya tambayi yaranmu wane Sarki ke mulkin Kano sa'ad da Kuran Daga ya kawo yaƙi har Gezawa. Shiru kake ji. Yaransa kuwa har rige-rigen amsawa suke yi, suna cewa Alu ne. Sa'an nan ya ce to, su ba shi labarin Karaye tasu. Wani ya ce akwai madatsar ruwa ta Challawa, daga nan labari ya ƙare. Wallahi, Edita, na ji kunya ƙwarai, don laifin ba na yara ba ne. Shekara nawa ina koyarwa, ban taɓa kai aji ɗaya ƙofar fadar Karaye ba, ban kuwa taɓa gayyato wani dattijo ya gaya musu yadda aka kafa Rogo ba. Mun kashe kuɗin mota mun kai su kallon garin wasu, alhali nasu ba su san shi ba.

Yaran lakwal sun yi alkawarin rama ziyara bayan damina. Saboda haka ina roƙon duk wani malami ko dattijo na ƙasar Karaye da Rogo da ke riƙe da labarin sarakunan waɗannan garuruwa, ko a ka ko a takardar ajami, ya taimaka ya aiko ta hannun Edita, mu samu abin koya wa yara kafin baƙin su iso.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Malamin Makaranta, Karaye.