Baƙin da ke zuwa ganin giwa

Bibemi gari ne da ke gabas da Garwa, a arewacin ƙasar Kamaru, ba nisa da iyakar Cadi. Mutanensa manoma ne da makiyaya da masunta. Yaron da ya tashi a wannan yanki ya san shanu da awaki da jakuna. Amma sau da yawa bai taɓa ganin giwa da idonsa ba, alhali kuwa tana nan kusa da shi.

Kudu maso gabas da Bibemi akwai wani babban gandun namun daji da ake kira Buba Njidda. An ba shi sunan wani lamiɗon Rai Buba na dā. Gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa a shekarar 1968. Faɗinsa hekta 220,000 ne. A cikinsa akwai giwa da zaki da ɓauna da raƙumin dawa da gwanki da kanki. Akwai kuma wata babbar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda Fulani ke kira yamusa. A wurare kaɗan ne ake samun ta a duniya. Jihar Arewa tana da waɗansu gandaye biyu kuma, wato na Binuwai da na Faro.

Da rani, idan ciyawa ta bushe, namun daji sukan taru a bakin ruwa. A lokacin ne baƙi ke zuwa daga Yawunde da Duwala da ƙasashen waje. Ana kiran su 'yan yawon buɗe ido. Abin da suke riƙe da shi shi ne na'urar ɗaukar hoto da madubin hangen nesa. Sukan biya kuɗin shiga. Sukan ɗauki ɗan rakiya wanda ya san sawun kowace dabba. Direba ya samu, mai dafa abinci ya samu, mai sayar da ƙwarya da tabarma ita ma ta samu. Giwa guda mai rai tana iya jawo baƙi shekara da shekaru. Idan aka kashe ta, sau ɗaya tak za a sayar da haurenta.

Dajin kansa yana bukatar kowace halitta. Giwa takan ci 'ya'yan aduwa da na giginya, ta je nesa ta kasayar da ƙwallon, itace ya tsiro a can. Kashin dorina yana ciyar da ƙananan halittun ruwa, kifi kuma ya ci su. Ungulu tana cinye mushe kafin cuta ta yaɗu. Idan ɗaya ta ɓace, sauran sai sun ji a jikinsu.

An riga an yi babbar hasara. A dā akwai baƙar karkanda a wannan daji. Mafarauta suka yi ta kashe ta saboda ƙahonta. A 2006 masana suka neme ta ko'ina a arewacin Kamaru, ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 aka bayyana cewa irin wannan karkanda ta ƙare a duniya. A farkon 2012 kuma waɗansu mahaya dawaki ɗauke da manyan bindigogi suka ƙetaro iyaka, suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda. Sai da gwamnati ta tura sojoji. A 2013, bayan da aka sace wasu Faransawa kusa da gandun Waza, baƙi da yawa suka ji tsoron zuwa arewa. 'Yan rakiya da direbobi suka rasa aiki.

Zama kusa da gandu yana da wuya. Giwa takan shiga gonar dawa ta cinye aikin damina a dare ɗaya. Makiyayi yana ganin ciyawa a cikin gandu, an hana shi shiga. Masu haƙar zinariya suna ɓata bakin rafi. Manomin da giwa ta yi wa ɓarna ba zai so ta ba, sai in ya ga amfaninta a ƙauyensu. Shi ya sa ya kamata wani kaso na kuɗin da daji ke kawowa ya koma ga maƙwabtansa, a haƙa rijiya, a gina aji.

A Garwa akwai makarantar koyon kula da namun daji, wadda aka buɗe a 1970. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna karatu a cikinta. Yaron Bibemi da ya yi ƙoƙari a makaranta yana iya shiga can, ya fito mai gadin dajin ƙasarsu.

Tambayoyi

1. A wace shekara Buba Njidda ya zama gandun ƙasa?
2. Su wane ne ke samun kuɗi idan baƙi sun zo?
3. Yaya giwa take taimakon itatuwa?
4. Me ya faru da baƙar karkanda?
5. Me za a yi wa manomin da giwa ta ɓata wa gona?