Danƙon da Ya San Lokacin Saki

A Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a birnin Kumasi, akwai wani dattijo mai facin taya da ke zuwa daga Zongo kowace safiya. Sana'arsa duka a kan kamawa ta tsaya. Yakan kankare bakin huji, ya shafa danƙo, ya manna faci, sannan ya danne da ƙarfe mai zafi. Zafin ne ke sa farar wutar da ke cikin facin ta ƙulle dogayen zarurrukan roba da juna, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Ƙullin da aka yi ta wannan hanya ba ya kwancewa. Shi ya sa dattijon ke gaya wa yaransa cewa facin da ya saki ya ci amanar direba.

Wata rana ƙarfen ya ƙone shi a bayan hannu. Aka wanke, aka naɗe da bandeji. Ranar da za a sauya, sai aka tarar bandejin ya manne da ciwon, da aka ɓamɓare shi kuwa ya tafi da sabuwar fatar da ta fara tofowa. Yaron da ya raka shi ya ce, "Maigida, wannan facin fa ya kama." Dattijon bai yi dariya ba. Ɗalibin Hausa ya lura da fi'ilan nan biyu: mutum ne ke manna abu da niyya, amma abu kan manne don kansa, ko da ba a so. Abin da ciwon nan yake bukata shi ne danƙon da zai kama, ya kuma saki in an bukata.

Irin wannan danƙo ba baƙo ba ne a tukunyar Zongo. Romon ganda, wadda ake kira wele a Ghana, idan ya yi kauri ya huce sai ya daskare, a mayar da shi kan wuta ya narke. Dafuwa ce ke warware zarurrukan kolajin na fata su zama jelatin. Da sanyi ya shiga, sai su sake murɗewa uku-uku, su saƙa raga mai riƙe ruwa a idanunta. Wannan raga ita masana ke kira haidirojel. Da ita kafintocin da ke haɗa katako, domin ɗumi da laima na kwance ta ba tare da an fasa itace ba.

Sai dai jelatin na narkewa daf da ɗumin jikin mutum, wato yana saki a inda ake son ya riƙe. Akwai wani polima mai suna PNIPAM da halinsa ya saɓa wa wannan. A 1968 Heskins da Guillet suka bayyana cewa yana juyawa a wajen digiri 32. Ƙasa da haka zarurrukansa na rungumar ruwa su kumbura. Sama da haka sai su tofar da ruwan, su tsuke, su kama abin da ke jikinsu. Ɗumin jiki digiri 37 ne, saboda haka fata kaɗai ta isa ta juya shi.

A 1990 Teruo Okano da abokan aikinsa a Japan suka shimfiɗa wannan polima a kan farantin renon ƙwayoyin halitta. A digiri 37 ƙwayoyin suka kama suka yaɗu. Da aka sanyaya farantin, sai suka ɗago ba tare da an kankare su ba. Daga baya aka riƙa ɗaga su a shimfiɗa guda, kamar ɓawo. A kan wannan tunani masu bincike ke gwada bandejin da zai kama da ɗumin jiki, ya saki idan an ɗora masa sanyi.

Dattijon dai bandejin gama-gari ya samu, amma an koya masa jiƙa shi da ruwan gishiri, ya dakata har ya yi laushi kafin a cire. Hannun ya warke da tabo. Ranar da ya koma bakin aiki, ya tarar yaronsa na kokawa da tsohon faci, yana fizga da ƙarfi.

"Kai yaro, dakata," in ji shi. "Ka fara sanin me ya sa ya kama, sannan ka nemi ya saki."