Wa Zai Riƙe Littafin Ajinmu?

Ranar sadakar bakwai ɗin mahaifina, wasu dattawa su shida suka zo gidanmu. Ba danginmu ba ne, ba kuma 'yan unguwa ba. Ɗaya ya taso tun daga Gombe, wani daga Birnin Kebbi. Bayan an shafa addu'a a zaure, wani siriri mai furfura ya zaro tsohon littafi mai baƙin bango daga aljihu, ya tambaye ni ajina nawa. Lokacin ina shekarar ƙarshe a sakandare.

Ashe 'yan ajin Baba ne, waɗanda suka gama difloma tare a 1991. Mai littafin shi ne sakatarensu, mu Baffa muke ce masa. Kuɗin rajistar da na shigo wannan makaranta da su daga asusunsu suka fito, haka ma na bana. Ban taɓa faɗa wa kowa a aji ba, don kunya nake ji. Yau dai na faɗa, kuma da dalili.

A hutun da ya wuce na je gaishe da Baffa, ya bar ni na buɗa littafin. Kowane mutum da shafinsa: suna, gari, wurin aiki, yawan 'ya'ya. An soke lambar waya an sake rubuta wata, wani ma har sau biyar. Shafin Baba na gani da jan biro, an rubuta ranar rasuwarsa, a ƙasa kuma sunayenmu mu huɗu. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da wasiƙa yake bin mutanensa, ko ya je tasha ya ba direba saƙo. Suna tara kuɗin wata-wata, suna haɗuwa bayan Babbar Sallah, bana a garin wannan, baɗi a garin wancan, Musulminsu da Kiristansu.

Na ce, "Baffa, to ku me ake biyanku?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, zagi ake biyana. Kowa na son zumunci, amma ba mai son bin bashin kuɗin wata." An taɓa cewa ya ci kuɗin asusu. Tun daga nan, duk taro sai ya karanta lissafi sisi-sisi, da takardar banki a hannu.

Mu idan aka ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Barewa ce ke faɗo mana a rai: kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, yanzu take Zariya, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Sai mu ɗauka abin na manya ne, sai wanda ya yi kuɗi ko ya hau kujera. Amma ajin su Baba ba minista ko ɗaya. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, akwai mai shagon kayan gini, akwai wanda ya koma gona. Mutum ɗaya suka samu wanda bai gaji da rubutu da kiran waya ba, shi ke nan.

To mu fa? Muna da guruf na WhatsApp, kullum a cike yake da sitika da gardamar Arsenal da Chelsea da "an ɗaga lakca". Amma a zangon da ya wuce wani ɗan ajinmu ya daina zuwa, sai da aka yi sati uku kafin na lura kujerarsa ba kowa. Na kira, waya a kashe. Na tambaya, wallahi ba wanda ya san unguwarsu. Da ƙyar muka gano gidansu ta hannun wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya. Mahaifinsa ne ya kwanta ciwo, kuɗin rajista suka tafi asibiti. Kafin mu haɗa abin da muka haɗa, an rufe rajista. Abin ya tsaya min a rai, domin ni da abokan mahaifina suka ɗauke wa wannan nauyi, ni ya kamata in fara ganewa.

Saura 'yan makonni mu kare furojet, mu sa fararen riguna mu rattaba wa juna hannu, a yi hotuna a watse. Wasu za su yi shekarar sanin makamar aiki su dawo HND, wasu jami'a, wasu kasuwa, wasu ɗakin aure. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba.

Don haka na sayi littafi mai baƙin bango. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya: cikakken suna, gari, unguwa, da lambar wani ɗan'uwa na jini. Shafin farko na abokinmu ne da ya rasa zangon nan. Idan na zo wurinka, don Allah kar ka ce min "ai kana da lambata". Na ga yadda lambobi ke mutuwa a littafin Baffa.