Ƙofar da Aka Yi wa Lulluɓi a Birnin Paris

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin abin da na gani a Paris, babban birnin Faransa, a ƙarshen Satumba 2021, sa'ad da na raka maigidana can kan aikin ofis.

A wani dandali inda manyan hanyoyi 12 suka haɗu akwai wata ƙofa ta dutse, sunanta Arc de Triomphe, watau Ƙofar Nasara. Ba ganuwa a jikinta, ba ƙyaure, an gina ta ne don tunawa da mayaƙa kawai. Sarki Napoliyon ya sa aka fara ginin a 1806, ba a gama ba sai 1836, shekara 15 bayan mutuwarsa. Tsayinta mita 50.

To, ni dai ban ga fuskar dutsen ba. Na tarar an lulluɓe ƙofar tun daga sama har ƙasa da wani ƙyalle mai kauri, launin azurfa da ɗan shuɗi-shuɗi, an ɗaure da jar igiya mita 3,000. Ƙyallen kuwa murabba'in mita 25,000 ne. Da ya ke lissafi ne abincina, na buga shi da atamfa mai yadi 6, na sami kusan turmi 4,000. In iska ta kaɗa sai ka ga ginin duka yana motsi, kamar basarake cikin sabuwar shadda. Launinsa da safe dabam, da la'asar dabam.

Dabarar wani mai zane ce, Christo, mutumin Bulgariya, da matarsa Jeanne-Claude, haifaffiyar Maroko. Tun 1962 ya yi hoton ƙofar a lulluɓe. Matar ta rasu a 2009, shi kuma a 2020, sai ɗan ɗan'uwansa ya cika aikin. Kuɗin, wajen Yuro miliyan 14, daga cinikin zane-zanensa aka fitar, ba kwabon haraji a ciki, kallo kuma daga ƙasa kyauta ne. Kwana 16 kaɗai lulluɓin ya yi, daga 18 ga Satumba zuwa 3 ga Oktoba, sa'an nan aka kwance.

Abin da ba a rufe ba shi ne kabarin da ke ƙarƙashin ƙofar, na wani soja da ya mutu a Yaƙin Duniya na Farko ba a san sunansa ba. Tun 1923 wuta ke ci a kansa. Kowace yamma, ƙarfe 6 da rabi, tsofaffin soja kan zo su hura ta, ko cikin kwanakin aikin ba a fasa ba.

Da na ba da labarin nan a Fakku, wani dattijo ya tambaye ni ko dutse na jin sanyi ne, ko kuwa tufa ce ta yi wa mutanen can yawa. Maganarsa da ƙanshin gaskiya, ga matsiyata ko a Paris ɗin suna kwana bakin hanya. Amma ga abin da na lura. Ran Asabar da Lahadi aka hana mota shiga dandalin. Sai ga 'yan garin, waɗanda kullum suke zagaya ƙofar ba su ɗaga kai, sun zo a ƙasa suna shafa ƙyallen, suna nuna wa 'ya'yansu inda siffofin mayaƙa suke a ɓoye.

Wannan ya sa na tuna da namu. A Sakkwato muna kiran Ƙofar Rini, da Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Taramniya, amma yaro nawa ne zai iya ba da labarin ko ɗaya? A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya. Ga kuma Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, mai ganuwar dutse, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, yana daji wajen Binji.

Ba cewa na ke a sayo turmi 4,000 ba. Motar da za ta kai 'yan makaranta Surame sau ɗaya a shekara ta isa a fara da ita. Ina roƙon malaman da ke Binji da Silame su rubuto wa jaridar nan halin da ganuwar ke ciki yanzu, da ko hanyar tana biyuwa da damina.

Naka,
Wani Akawu,
Fakku.