Alƙali a Ƙarƙashin Gwamna

Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai suka bar alƙali a kan buzunsa, da littattafan fiƙihu Muhtasar da Tuhfa a gabansa, amma bisa sharaɗin cewa hukuncin da ya saɓa wa adalci a mizaninsu, kamar yanke hannun ɓarawo, ba za a zartar da shi ba. Haddi ya koma ɗauri a gidan yarin En'e, inda fursuna kan fito da sassafe ya share kasuwa, gandiroba na biye da shi. Kisa kuwa, ko majalisar sarki ce ta yanke, sai Gwamna ya amince.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shari'ar Tsoho Gubba ta 1947, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa kisa bisa mazhabar Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma kuwa ta soke hukuncin, domin dokar Turawa tana karɓar uzurin tsokana, fiƙihu bai karɓa ba. Ina tausaya wa malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman ilmi, sa'an nan aka umarce shi ya auna hukuncinsa da littafin da bai karanta ba.